Jan Ɗigon da Na Goge

Talata, 19 ga Agusta, bayan La'asar

Mun dawo da Baba daga asibiti a Kano. Kafin mu taho likita ya ja Yaya Garzali gefe, suka tsaya a baranda, ni kuma ina riƙe da ledar magani ina kallon bakinsu daga nesa. Abin da ya gaya masa ba zan rubuta a nan ba. An ce mu kai shi gida ya huta, an rage magungunan daga bakwai zuwa biyu. Umma ta ce alhamdu lillahi, sauƙi ya samu. Babu wanda ya gyara mata zance.

Da muka hau gadar Wudil Baba ya ce a rage gudu. Ya ɗago kai da ƙyar ya leƙa kogi, ya ce, "Uwata, ruwa ya kusa kaiwa." Sunan mahaifiyarsa na ci, Lubabatu, shi ya sa tun ina goye bai taɓa kiran sunana ba.

Na san abin da yake nufi. Duk garin nan an san Malam Gwadabe Mai Hoto da hoton biki da na fasfo, amma hoton da yake ɗauka don kansa guda ɗaya ne a shekara. Idan kogi ya cika a ƙarshen damina sai ya je kan gada da sassafe, ya tsaya a ƙarfe na goma sha bakwai na shingen gefen gadar, ya ɗauki tsallake: ruwa, da gaɓa, da giginyoyi uku can nesa, inda gonar kakanmu take kafin kogi ya cinye ta. Tun 1985 bai taɓa fashi ba, kuma da lensi ɗaya, wani tsohon ƙarfe mai nauyi da muke kira Ɗan Rasha, wanda da hannu ake murɗa shi har hoto ya fito. Da fim ya yi wuyar wankewa na sayo zoben haɗi, muka riƙa ɗaura shi a kyamarata. Hotuna arba'in suna cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonsa, kowanne da kwanan wata a baya da layi ɗaya a kan yadda ya sami wurin.

Ya ce, "Bana ke za ki je. Da Ɗan Rasha, ba da abin nan naki mai saita kansa ba."

Na ce, "In sha Allahu tare za mu je, Baba."

Ya ce, "Ke za ki je, ki kawo mini in gani."

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Na buɗe akwatin kayan hoto. Warin danshi ne ya fara tarbata. Na ɗaga Ɗan Rasha a saitin taga. Funfuna ta yi saƙa a cikin gilashin, fara, kamar yanar gizo, daga gefe tana neman tsakiya.

Duk damina, kowace Juma'a da hantsi, Baba yana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera lensi ya cire musu murafe su sha rana. Umma tana ce masa mai shanyar ƙarfe. Tun watan Yuni babu wanda ya shanya. Sau biyu ya tuna mini daga kan gadon asibiti, sau biyu na ce to. Ban yi ba. Ba ni da wanda zan ɗora wa, kuma na nema.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe 11:40

Na kulle ɗaki na shimfiɗa farin kallabi, na kwance shi. Shekara takwas ina goge madubin duba ƙwayoyin cuta a jami'a, wai wannan ne zai gagare ni? Na cire gilashin gaba da na baya, na wanke su da auduga da sifirit. Funfuna ta fita tas, ba ta ci gilashin ba. Har rawa na ɗan taka a zaune.

Da na tsaya nan da shi ke nan. To, zoben saitin yana da tauri, giris ɗin ya daskare kamar tsohon man shanu. Na ce bari in haɗa da shi, Baba ya ji shi yana sulɓi ya san ya haifa. Na murɗa, na murɗa, sai na ji ƙas, ya rabu biyu a hannuna. Ciki zare ne irin na murfin kwalba, sai dai siriri ƙwarai. Na wanke duka da fetur, na goge tsohon giris da tsatsa, har da wasu jajayen ɗigo biyu na datti da suka kafe, sai da na sa farce. Na shafa sabon giris na mayar. Yana juyawa lafiya lau.

Alhamis, bayan Azahar

Na ɗaura shi a kyamara. Hannun Umma tana tsintar shinkafa ya fito har da layukan lalle. Kaza a bakin rijiya ta fito. Na fita ƙofar gida na saita ƙarfen sabis da ke can bayan titi. Na murɗa har zoben ya ƙure a kan alamar nesa, mai kama da takwas a kwance. Ƙarfen bai fito ba. Dishi-dishi, kamar ana kallo ta cikin kunu.

Na sake. Na sake. Duk abin da ya wuce taku goma ba ya ganinsa.

Juma'a, 22 ga Agusta, da safe

Ban gaya masa ba.

Asabar, 23 ga Agusta, ƙarfe 5 na yamma

Na duba a waya, na gane ɓarnar da na yi. Zaren ba baki ɗaya gare shi ba kamar na kwalba, bakuna goma sha biyu ne, kuma ɗaya ne kaɗai daidai. Masu sana'ar kafin su raba shi sai sun yi alama a inda ya rabu. Kowa ya san haka, ashe, ban da 'yar gidan mai hoto.

Na gwada baki huɗu yau. A na huɗun ya ciza, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Da na samu ya fito sai ga garin ƙarfe a yatsana. Ƙarfen laushi gare shi. In na ƙara irin wannan sau ɗaya, zaren ya tafi ke nan, kuma na manta bakunan da na riga na gwada, duk kamarsu ɗaya.

Baba ya sha kunu cokali biyar. Umma ta ce bakwai. Ni na ba shi.

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

Ya tambaya, "Ɗan Rasha yana lafiya?"

Na ce, "Lafiya ƙalau, yana gaishe ka."

Ya yi murmushi. Na fita na tsaya a bayan randa har numfashina ya dawo.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan La'asar

Na kai shi wajen Malam Nu'uman mai gyaran agogo a bakin kasuwa, abokin Baba tun suna samari. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, da gida, da ruwa, da Indo, don har gobe da sunanta yake kiran Umma. Sannan na kwance ƙyallen. Ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya juya abin, ya juya, ya ajiye a hankali kamar ƙwai.

"'Yar Malam, wa ya buɗe?"

Na ce ni.

"Ya sani?"

Na kai hannu ina gyara bakin ƙyallen.

Ya ce, "Ni agogo na iya. In na taɓa wannan zan ƙarasa shi. A garin nan mutum ɗaya ne ya san cikinsa da yatsa, kuma a gidanku yake kwance. Ki je ki gaya masa."

Na ce ba shi da ƙarfin da zai ji wannan. Ya cire madubin ya dube ni, ya ce, "Shi ne ba shi da ƙarfi, ko ke?" Ban so maganar ba. Na naɗe kayana na yi masa sallama a taƙaice, abin da ban taɓa yi ba.

Talata, 26 ga Agusta, da yamma

Na buga wa wani mai gyaran kyamara a Kano. Ya ce wa yake ɓata lokaci a kan wannan tarkacen, in kawo ya haɗa ni da sabo. Na kashe wayar tun bai rufe baki ba.

An yi ruwa tun Asuba har Azahar. Masu yashi duk sun fito da jiragensu gaɓa. Kogi ya kai.

Laraba, 27 ga Agusta, da safe

Ban gaya masa ba. 'Yan dubiya sun yi yawa, wasu ma rabonmu da su tun ina firamare. Wa yake kiransu?

Alhamis, 28 ga Agusta, ƙarfe 9:15

Zan rubuta yadda aka yi, ko don in ga baƙin halina a takarda.

Bayan sallar Asuba Yaya Garzali ya kai ni gada a mota. A hanya ya ce, "Luba, ki ɗauka da kowane ne ki kai masa. Hoto ai hoto ne. Ki bar tsoho ya ji daɗi." Yaya mutum ne da bai taɓa bambance lensi da murfin fulas ba, amma yau shawararsa na bi, don ita nake so in ji.

Na ƙirga ƙarafa, na tsaya a na goma sha bakwai. Ruwa ja, ya cika ya batse, ya kai gindin giginya ta farko. Na ɗaura lensina na zamani, na danna, ya saita kansa. Ko minti biyu ban yi ba. Giginyoyin uku suka fito ras, ana iya ƙirga ganyensu.

Na shiga ɗakinsa da sallama da fara'ar aro. Umma ta tallafo shi da matashi. Na riƙe masa kyamara ya kalli sikirin. Ya daɗe yana kallo, ya sa na matso da shi, ya sa na ja baya.

Ya ce, "Ya yi kyau."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "Ba shi da laifi ko ɗaya. Ɗan Rasha kuwa bai taɓa yin hoto marar laifi ba. Akwai ɗan ɓallin da ya yi a gefe shekarar da aka haife ki, in rana ta fito sai ya ja zaren haske daga sama ta hagu. Ina zaren, Uwata?"

Na sauke kyamarar. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ce wa Umma ta kwantar da shi, ya juya fuska bango.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Na gaishe shi ya amsa. Na ba shi magani ya sha. Bai ce Uwata ba. Yini guda.

Na shanya sauran lensi a tsakar gida, yanzu da ba ta da amfani. Umma ta wuce ta kalle su, ta kalle ni, ta shige kicin.

Asabar, 30 ga Agusta, da hantsi

Ina jin tsoro. Bari in rubuta shi ƙarara. Ina tsoron abin ya zo alhali ƙarya ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da shi.

Asabar, bayan La'asar

Na gaya masa. Na durƙusa a gaban gado na ajiye ƙyallen a kan cinyarsa, na faɗi komai, tun daga shanyar da ban yi ba. Ina magana ina kuka, hanci da ido, babu kyan gani.

Ya lalubi ƙyallen ya kwance. Ya ce, "Ai da sauƙi. Na taɓa buɗe shi, na yi alama. Ki nemi jan ɗigo biyu, ɗaya a kowane ɓari, ki haɗa su fuska da fuska, ki murɗa. Shi ke nan."

Na ce, "Jan ɗigo?"

"Ƙanana, kamar ƙwayar gero."

Na ce, "Baba, na goge su. Na zaci datti ne. Har farce na sa."

Can sai gadon ya fara girgiza. Na zabura na zaci wani abu ne, ashe dariya yake yi, dariya har da tari, har Umma ta shigo da gudu da ludayi a hannu. Ya nuna ta da yatsa ya ce, "Jan farcenki ne, Indo, na cikin lefe. Shekara talatin da wani abu yana nan, 'yarki mai tsabta ta zo ta wanke."

Umma ta ce, "Au, Malam, ashe kai ne? Ni da na yi wata guda ina zargin ƙanwata."

Na yi dariya ni ma, ina kuka. Da ya lafa sai ya ce, "To, Uwata, sai mu nema da hannu. Baki goma sha biyu ne kawai."

Ya ce Uwata.

Lahadi, 31 ga Agusta, ƙarfe 12

Ga yadda muke yi. Na tallafe shi da matashi uku. Ya riƙe ɓari biyun ya haɗa bakinsu, amma maimakon ya murɗa gaba sai ya murɗa baya, sannu-sannu, har a ji ɗan tik, zare ya faɗa baki. Sai nan ya yi gaba. Ya ce, "Wanda ya fara da gaba shi ke cinye zare. Ki koma baya ki saurara, shi zai gaya miki ya shirya." Kowane baki muka gwada sai in ɗiga masa tawada, kada mu maimaita. Sai in ƙarasa ɗaurewa, in fita ƙofar gida in saita ƙarfen sabis, in dawo in ba da labari.

Na ɗaya, kunu. Na biyu, kunu. Na uku ya fi muni.

Daga nan ya ce a bari sai gobe. Sau uku kaɗai, amma ya jiƙe da gumi kamar wanda ya yi huɗa.

Da ido a rufe yake yi. Ya ce ya fi jin zaren haka.

Litinin, 1 ga Satumba, da hantsi

Biyu yau. Babu.

Ya ce a ɗaga labule, ɗakin ya yi duhu. Labulen a ɗage yake. Na je na taɓa shi na ce na ɗaga.

Talata, 2 ga Satumba, bayan Azahar

Bai farka sosai ba. Na zauna a gefen gado da Ɗan Rasha a cinyata tun safe, kamar mai jiran layi. Na ce bari in gwada ni kaɗai. Na haɗa bakin, na tuna garin ƙarfen nan a yatsana, na kasa. Na raba su na mayar cikin ƙyallen.

Yaya ya ce ruwa ya fara ja da baya, ya ga laka a ƙafar gada. Ya kuma ce, "Luba, kina wahalar da shi. Ki bar shi ya huta." Na ce huta me? Ya ce na fi shi sani. Na ce masa ya fita mini daga ido, a gaban Umma. Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da muke. Bai rama ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Laraba, 3 ga Satumba, da safe

Barci.

Laraba, da La'asar

Barci. Saura baki bakwai. Ya Allah, ba shekara nake roƙo ba, ba wata ba. Ka ara mini hantsi biyu.

Alhamis, 4 ga Satumba, ƙarfe 10:30

Ya farka garau, har ya nemi shayi. Umma tana tsaye a gabansa da kofi yana kiran Indo, Indo, yana kallon ƙofa. Ta ce, "Ga ni, Malam." Ya ce ai ya sani, tsokana ce.

Ya ce in kawo. Na miƙa masa, ya kasa riƙewa, ɓari ɗaya ya gangara kan bargo. Ya ce, "Ke riƙe." Na riƙe, ya ɗora tafinsa a bayan hannuna. Babu nauyi ko kaɗan, kamar an ɗora mini ganye.

"Baya. Sannu. Ba tuƙa tuwo kike ba. Saurara."

Tik.

Na shida bai yi ba. Na dawo na ce babu, ya ce, "Saura shida, ai mun ci rabi." Muka sake. Baya, sannu, tik, gaba. Na ɗaure na fita.

Ƙarfen sabis ya fito. Kowane tsani, kowace waya, har da wani hankaka a samansa yana gyara fiffike. Na tsaya a ƙofar gida ba mayafi ina kallon hankaka ina kuka, masu wucewa suna kallona. Wata maƙwabciya ta saki bokitinta ta taho da salati, ta zaci abin ne. Na ce mata a'a, a'a, gyara ne ya yi.

Da na gaya masa sai ya ce, "Kafin ki yi murna, yi alama." Umma ba ta da jan farce yanzu, ta ce ita da tsufanta. Ya ce in ɗauko allura in karce, wannan ba mai wanke ta. Na karce ɓari biyun, layi ɗaya siriri. Ya shafa da babban yatsa ya ce, "Ta karkace, amma taki ce."

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan Asuba

Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko gaɓa ba a gani. Muna zaune a mota a bakin gada ni da Yaya har ƙarfe takwas. Da za mu juya na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya ce, "Gobe ƙarfe biyar da rabi ki shirya."

Baba bai ci komai ba yau.

Asabar, 6 ga Satumba, ƙarfe 11

Gari ya waye tas. Ƙarfe na goma sha bakwai. Yaya ya tsaya a bayana yana kare ni daga masu babur. Na kafa mazaunin kyamara mai ƙafa uku, na ɗaura Ɗan Rasha, na sa ido.

Na zaci na ɓata ƙirga. Na koma farkon gada na sake ƙirgo ƙarafa. Sha bakwai ne. Giginya biyu ce a tsaye. Ta farkon, wadda ruwa yake kaiwa gindinta, babu ita. Ruwan jiya ya zaftare gaɓar ya tafi da ita, sai jan rami a wurin. Wani masunci a ƙasa ya ce da La'asar ta faɗi, sun ji ƙararta har kasuwa.

Yaya ya ce, "Yanzu ya za ki yi?"

Na ce zan ɗauki abin da yake nan. Ƙarya ɗaya ta ishe ni.

Na murɗa a hankali har ganyen suka rabu da juna. Na jira rana ta ɗago. Sai ga shi, zaren haske daga sama ta hagu, siriri, ya ratso har kan ruwa. Na danna sau ɗaya, yadda yake yi.

Duk hanya ina shirya yadda zan gaya masa. Zan ce, Baba, kogi ya karɓi ɗaya. Zai ce ai dama tasa ce.

Umma ta tallafo shi. Na riƙe masa kyamara a gaban fuska. Ya kai hannu ya lalubo Ɗan Rasha, ya shafa zoben, ya shafa ɓallin gefen. Idonsa yana kan kafaɗata, ba kan sikirin ba. Na matsar da kyamarar inda yake kallo.

Ya ce, "Zaren ya fito?"

Na ce, "Ya fito, Baba. Daga sama ta hagu."

"Na gan shi. Kai, madalla. Wannan shi ne hoto." Ya ɗaga yatsa yana nuna iska, gefe da kyamarar. "Ga su nan. Ɗaya, biyu, uku. Ba ki karkata ba kuwa. Allah ya yi miki albarka, Uwata."

Na kalli Umma. Tana kallon sikirin, ta ga biyu kamar yadda na gani. Ta girgiza mini kai kaɗan.

Ya ce, "Su uku ne, ko?"

Na ce, "Su uku, Baba."

Ya ce, "To, kwantar da ni. Na gani."

Asabar, bayan Magariba

Tun yaushe? Tun ranar labule, ko kafin nan? Kwana nawa ya yi yana murɗa mini zare, yana haɗa gumi, don hoton da ya san ba zai gani ba?

Litinin, 8 ga Satumba

Bayan Azahar.

Alhamis, 11 ga Satumba, da yamma

An yi sadakar uku. An naɗe tabarmin ƙofar gida. Malam Nu'uman ya aiko a ce mini in agogo ya tsaya in kawo, in lensi ne kuma shi zai kawo mini.

Juma'a, 12 ga Satumba, da hantsi

Na shimfiɗa tabarma na jera su, na cire murafe. Umma ta fito ta zauna a gefe da carbinta, ta gyara wa Ɗan Rasha zama ya fuskanci rana sosai. Ba ta ce mai shanyar ƙarfe ba.

Yaya ya kawo hoton daga wanki. Na jawo gwangwanin biskit, na karanta bayan na bara da rubutunsa: "Ruwa ya kai gindin ta farko. Uwata ta riƙe lema." Na juya na bana, na rubuta kwanan wata. Na daɗe da biro a hannu. Duk wanda ya juya gaban hoton zai ƙirga da kansa, ba sai na taya shi ba.

Na rubuta: "Giginya uku, in ji Baba." Na sa shi a kan na arba'in, na rufe gwangwanin.